Amsa ga 'yar'uwar da ta ce ta daina gane kanta a shekara 47

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce shekarunki 47, kusan shekara guda ke nan al'adarki ta rikice, wani watan ta zo sau biyu, wani watan ta ɗauke. Kina farkawa tsakar dare sharkaf da gumi, abu kaɗan ya sa ki kuka ko ki hau faɗa, 'ya'ya sun girma har wasu sun yi aure, maigida yana cewa kin canza, a dangi kuma an fara zancen sammu ko iska. Kika tambaya ko hankalinki ne ke taɓuwa, da kuma abin da za ki yi. Yawancin amsoshin da aka ba ki sun tsaya a kan "ki yi haƙuri, ki riƙe addu'a". Gaskiya ne, amma bai wadatar ba, domin matar da ba ta samun barci haƙurinta ba ya zuwa ko'ina. A fara duba jiki tukuna, sannan a zo kan zuciya.

Abin da kika lissafa ya yi daidai da shekarun gab da tsayawar al'ada. Yawancin mata al'adarsu tana tsayawa ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ba a cewa ta tsaya sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. Kafin a kai nan akwai shekaru, sau da yawa huɗu ko fiye, da sinadarin da ƙwan mace ke fitarwa, wanda likitoci ke kira istirojin, yake hawa yana sauka ba tsari. Aikin sinadarin nan bai tsaya a mahaifa ba. Yana da hannu a wurin da ƙwaƙwalwa ke daidaita zafin jiki, da barci, da yanayin rai, da ƙarfin ƙashi. Shi ya sa za ki ji zafi ya taso daga ƙirji zuwa wuya da fuska na 'yan mintoci, gabanki ya yi ta faɗuwa, ki shiga ɗaki ki manta abin da ya kai ki. Babu hauka a cikin wannan, kuma ba raunin imani ba ne.

Duk da haka kada ki ɗora komai a kan shekaru. Akwai cututtuka da ke zuwa da irin waɗannan alamomi kuma suna da magani. Ki yanki kati a asibiti ki nemi a yi miki awo huɗu. Hawan jini: idan aka auna a ranaku daban-daban yana kai 140/90 ko fiye, ana bukatar kulawa. Suga: ki je da safe ba ki karya ba, 126 mg/dL ko fiye alamar ciwon suga ce, sai a maimaita a tabbatar. Yawan jini: matar da al'adarta ke zuba da yawa takan yi ƙarancin jini ba ta sani ba, kasala da jiri da bugun zuciya duk yana kawo su. Na huɗu shi ne awon tayirod, wato ƙwayar nan ta gaban wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo. Idan aikinta ya yi yawa tana kawo gumi da rama da saurin fushi, idan ya yi ƙasa tana kawo ƙiba da sanyin jiki da baƙin ciki. Wannan awon ne aka fi tsallakewa, ki ambace shi da bakinki. Kafin ranar asibitin ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo, kwana nawa ya yi, ƙunzugu nawa kika canza a yini, da daren da gumi ya tashe ki. Likita ya fi amfana da wannan takarda a kan "jikina ne duk ba daɗi".

Game da jinin, abu uku ba a zama da su a gida: jinin da ke jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya ko biyu yana fita da guda-guda, jinin da ke biyo bayan saduwa, da jinin da ya dawo bayan an yi shekara ba a gan shi ba. Na ƙarshen nan ko ɗigo ne a kai shi wurin likitan mata. Sau da yawa ba wani abu ba ne, amma ta nan ake kama kansar mahaifa da wuri. Sannan ki sani har yanzu kina iya ɗaukar ciki. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, wadda al'adarta ta tsaya kafin shekara 50 ta ci gaba da tsarin tazara har shekara biyu bayan jinin ƙarshe, wadda ta haura 50 kuma shekara ɗaya. Batun salla da azumi a wannan rikicewar ki kai wa malama littafin nan naki. A mazhabar Malikiyya mafi tsawon haila kwana 15 ne, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, ana salla da shi. Mata da yawa suna shiga damuwa don sun yi makonni ba salla alhali ba hukuncin ke nan ba.

Yanzu barci, wanda a ganina shi ne rabin matsalarki. Abin da ke ɓata shi a gidajenmu sananne ne: shayi mai kauri bayan isha'i, goro, kofi, tuwo mai nauyi da yaji ƙarfe goma na dare, da waya a hannu a kan gado. Abin da ke hana barci a cikin shayi da goro yana ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka wanda kika sha da magariba yana nan yana aiki har tsakar dare. Ki mayar da shayinki na safe, daga azahar ki bar shi. Ki ci abincin dare da wuri, awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. Ki watsa ruwa, ki sa rigar auduga mara nauyi, ki ajiye wata rigar da ruwan sha da mafici kusa da gado, don idan gumi ya tashe ki ki canza ki koma ba sai kin kunna fitila kin wartsake ba. Idan kika yi kamar minti 20 ido biyu, kada ki yi ta juyi kina lissafin duniya. Tashi ki zauna a tabarma cikin duhu-duhu da carbinki har barci ya dawo. Lokacin tashi kuma ya zama ɗaya kullum. Kuskuren da aka fi yi shi ne rama barcin da rana: a koma bayan asuba har hantsi, a ƙara bayan azahar awa biyu, dare ya yi ido ya bushe. Ƙailula kada ta wuce rabin awa, kuma kada ta kai la'asar. Sai an yi mako biyu zuwa uku a haka kafin a ga canji, kada ki yanke hukunci da dare uku.

Motsa jiki kuma ba aikin gida ba ne, ko da kin yini a tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, tafiyar da za ki ji numfashi ya ɗan ɗaga amma kina iya magana. Wadda ba ta fita ta zagaya tsakar gida bayan asuba, ko ta raba shi minti goma-goma sau uku. Ki haɗa da tashi-zauna daga kujera sau goma ba dafawa, domin ƙashi yana saurin raguwa bayan tsayawar al'ada. Nono, kindirmo, zogale, kuka, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu duk suna taimakon ƙashi.

Fushin da kike yi yana da lokutansa, ki lura za ki gani. Yawanci yakan zo ne a daren da ba ki yi barci ba, ko da yunwa, ko daidai lokacin da zafin nan ya taso. Da kin ji fushin ya taso, kada ki amsa magana a tsaye. Annabi (SAW) ya koyar da cewa mai fushi idan yana tsaye ya zauna. Ki zauna, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida ko takwas, sau goma. Fitar numfashin ce ke saukar da bugun zuciya, shi ya sa ake tsawaita ta. Sannan ki ce, "Zan ba ka amsa anjima." Tunanin da ke cin ki da dare kuma ki ba shi lokacinsa da rana: minti 15 bayan la'asar, ki rubuta abin da ke damun ki, a gaban kowanne ki sa ko akwai abin da za ki iya yi a kai a makon nan ko babu. Mai abin yi ki rubuta matakin farko, marar abin yi ki sa shi a addu'a ki rufe littafin.

Maigida kuwa, mai yiwuwa bai taɓa jin bayanin wannan abu ba, domin ba a koya wa maza. Kada ki yi masa bayani a tsakiyar rigima. Ki zaɓi ranar da ake zaman lafiya ki ce masa, "Alhaji, jikina yana cikin wani canji da mata ke shiga a shekaruna, ba na barci, shi ya sa nake saurin hawa. Ina so ka raka ni asibiti." Abin da ya ji daga bakin likita ya fi zama masa. Idan kuma saduwa ta koma zafi, bushewar gaba ce da raguwar istirojin ke kawowa. Akwai man da ake sayarwa a kemis don wannan, akwai kuma kirim na istirojin da likita ke rubutawa. Kayan matan da ake cusawa don matsi suna ƙara bushewar ne, har su kawo ƙuna da ciwo. Idan zafin jiki da gumin sun hana ki sakat, ki tambayi likitan mata game da maganin maye gurbin sinadarin. Yana aiki sosai, amma ba a ba kowa: wadda ta taɓa kansar nono ko daskarewar jini a jijiya ba ta sha, kuma mai mahaifa ba a ba ta istirojin shi kaɗai sai an haɗa da abokinsa da ke kare mahaifa. Ba maganin da za a saya don ƙawa ta sha ta ji daɗi ba ne.

Akwai kuma abin da awo ba ya nunawa. Mace a shekarunki ita ce ke jinyar iyaye, ita ce ke wankan jegon 'ya, ita ce ake ajiye wa jikoki, ita ce ake kira idan auren ƙanwa ya rikice, kuma kowane biki da anko ana sa ran ganin ta. A lokaci guda ɗakin da ya saba cika da yara ya yi shiru. Mutum yakan gaji ya kuma ji kaɗaici a rana ɗaya. Abin da ke aiki a nan shi ne raba nauyi da baki, ba jiran a gane ba. Jinyar Inna a zauna da 'yan'uwa a raba kwanaki da kuɗin magani, maza ma su shigo. 'Yar da ke kawo jikoki kullum a ce mata, "Talata da Alhamis ki kawo su, sauran ranakun ina da abin yi." Za a yi gunaguni mako biyu, daga nan a saba. Wadda ta kasa faɗin haka takan yi shiru wata uku sannan ta fashe a kan abin da bai kai ya kawo ba, sai a ce ai ta canza.

Ranakun da kika ƙwato kuma ki zuba musu abu naki na kanki, wanda ke da rana da lokaci kuma akwai mutane a ciki. Islamiyyar matan aure, ajin yaƙi da jahilci, hadda, koyon ɗinki, ko sana'ar da kika ajiye saboda raino. Idan sana'a ce, ki fara da jarin da in ya narke ba zai hana ki barci ba, kada ki sayar da sarƙarki ko ki kwashe adashe gaba ɗaya ki zuba a abin da ba ki taɓa yi ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa 'Yan Taru, wato ƙungiyar koyar da mata, manyan mata ta naɗa jagorori da ake kira jaji ta ba su malfa, su ne ke tafiya daga ƙauyuka su ɗauko karatu su koma su koyar. Ta ga cewa matar da ta gama raino ita ce ke da lokaci da kwarjinin da za a saurare ta. Ki kuma riƙe mace ɗaya ko biyu masu riƙon sirri da za ki iya gaya wa gaskiyar halinki. Ba kowace ƙawa ba, domin maganar da ta zaga dangi takan dawo ta zama sabon ciwo.

Zancen sammu da iska, ki yi azkar ɗinki na safe da yamma, ki tofa Falaƙi da Nasi da Ƙulhuwallahu a hannu ki shafa, babu mai karɓar ko sisi a kan wannan. Amma duk wanda ya ce ki kawo kuɗi masu yawa ko ya nuna miki wata a gida ya ce ita ce, zai bar ki da gumin daren da kike yi ya ƙara miki gaba.

Abu na ƙarshe, kuma ina roƙon ki kada ki raina shi. Idan kika yi mako biyu a jere kusan kullum cikin baƙin ciki, abin da kike so a da ya fita ranki, abinci ya ƙi shiga, kina ganin ba ki da amfani, wannan ciwon damuwa ne, kuma shekarun nan suna daga lokutan da ya fi kama mata, musamman wadda ta taɓa yin sa bayan haihuwa. Idan har tunanin gara mutuwa ya fara zuwa, a ranar za ki gaya wa wani na kusa a tafi asibiti. Akwai sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, kuma likitan babban asibitin garinku ma zai iya fara duba ki ya tura ki. Maganin da ake bayarwa yana ɗaukar mako biyu zuwa shida kafin a ji amfaninsa, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi, likita ne ke rage shi a hankali. Abin da za ki guje wa shi ne ƙwayar barci ta kemis irin su diyazafam, da tiramadol, da maganin tari mai kodin. Suna sa barci a makon farko, daga nan jiki ya saba ya nemi ƙari, kuma matan aure masu mutunci da yawa ta wannan ƙofar suka faɗa shaye-shaye. Allah Ya ba ki lafiya. Idan kin karɓo sakamakon awon, ki koma da shi wurin likitan da ya rubuta, tare da littafin da kike rubuta kwanakin jinin.