Bayan motata na watsawa in na taka totur: wace taya zan sa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Chevrolet Camaro SS ƙirar 2017 da anka kawo min daga Amurka. Matsalata ita ce da na ɗan taka totur sai tayoyin baya su kama juyi wuri guda, bayan motar ya watsa gefe, fitilar santsi ta yi ta ƙyaftawa. Tayoyin da ke baya 'yan Beljiyam ne, mai faci ya samo min su, kuma zanensu da sauran kauri ƙwarai. Abokaina sun ce in cire masu faɗin milimita 275 in sa masu faɗin 305, wani kuma ya ce in yi odar irin tayar da ake tseren miƙe da ita. Wace ta fi kama ƙasa? Daga wani mai karatu a Arkilla, Sakkwato.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa a kashe lafiya, ya tsare hanya.

Kada ka fara da faɗi. Nemi sababbin tayoyi daidai lambar da kamfani ya sa wa motar, wato 275/35ZR20 a baya, daga ajin tayoyin lokacin zafi na manyan motoci, irin su Michelin Pilot Sport 4S, Continental SportContact 7, Bridgestone Potenza Sport ko Pirelli P Zero. Ni da zan zaɓa, ta farkon zan ɗauka, don tana riƙe busasshiyar kwalta ba tare da ta ba ka kunya ranar ruwa ba, kuma ba ta cinyewa da wuri kamar wasu 'yan ajinta. Amma kowace daga cikinsu, in dai sabuwa ce ta gaske, za ta yi wa abin da ke ƙarƙashinka yanzu fintinkau.

Motarka tana da injin V8 mai lita 6.2 da ƙarfin doki 455, kuma duk ƙarfin nan ta tayoyin baya biyu yake sauka ƙasa. Nauyinta ya kusa kilo 1,700, abin da ke kan baya kuwa bai kai rabi ba. A giya ta ɗaya, in ka danne totur har ƙasa daga tsaye, babu tayar titi a duniya da za ta shanye ƙarfin duka ba ta juya ba. Saboda haka wani kaso na matsalar yana ƙafarka ta dama, kuma shi ba a sayar da maganinsa a shago. Sai dai ka ce da ka "ɗan" taka take watsawa, wannan kuwa ba halin Camaro mai lafiyayyun tayoyi ba ne. Zargina na farko yana kan 'yan Beljiyam ɗin nan.

Je ka tsuguna gefen tayar ka karanta abin da ke jikinta. In ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, tayar hunturun Turai ce aka sayar maka. An haɗa robarta don ta yi laushi a sanyin da bai kai digiri 7 ba. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu digiri 40 da ɗoriya muke gani, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. A irin wannan zafi robar takan yi lagwai-lagwai, ƙananan tsagogin da ke zanenta su riƙa lanƙwashewa, motar ta yi ta lilo, birki ya yi nisa. Abin haushin shi ne irin wannan taya ce ta fi kyau a ido, domin zanenta zurfi gare shi, shi ya sa take saurin shiga kasuwa. In kuma M+S kawai ka gani ko All Season, ta kowane yanayi ce. Ba laifi a kan Corolla, amma ta yi wa doki 455 kaɗan. Mu a nan Allah ya hutar da mu: ko sanyin Janairu bai kai inda tayar lokacin zafi ke sandarewa ba, don haka za ka iya hawanta shekara cur.

Sannan nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin har ƙarshe. Lambobi huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwar tayar: 1823 na nufin mako na 18 a shekarar 2023. Roba tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa, zafi da rana kuma suna gaggauta tsufan. Takan bushe ta yi tauri, sai ka ga zane cike amma babu riƙo ko kaɗan. Danna farcenka a kan zanen; sabuwar taya ta wannan aji za ta ɗan karɓi farcen, tsohuwa kuwa ƙememe. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take wa'azi a kai daga ranar ƙira. Michelin na cewa a riƙa duba taya duk shekara bayan ta cika biyar, kuma kada ta wuce goma ko da ba ta nuna komai ba. Ga mota irin taka a garin nan, maganar FRSC na fi karkata gare ta, kuma a wajen saye ba zan karɓi wadda ta haura shekara biyu a ajiye ba.

Ka tuna tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008, tayoyin motocinmu daga waje suke zuwa. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, don haka wadda ka saya ta bayan gida ta biyo, babu mai iya gaya maka tarihinta. Ko sababbin ma, akwai masu cusa uku ko huɗu cikin juna don su rage kuɗin kwantena, bakin tayar ya lanƙwashe, wayar ciki ta ji rauni. Wannan lamba ta 275/35ZR20 ba kasafai za ka same ta a jibge a Sakkwato ba, mai yiwuwa sai an aiko maka daga Kano, Abuja ko Legas. Ka ce a ɗauko maka hoton lambar DOT ta kowace ɗaya kafin ka tura kuɗi, in sun iso kuma ka shafa wurin ka ji ko an kankare. Araha ba ta ado, balle a kan motar da ke iya juyawa da kai ta fuskanci inda ka fito.

Sai batun 305. Abokanka ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin Chevrolet da kanta ta sa 305/30ZR20 a bayan Camaro SS 1LE. Amma ta ɗora ta ne a kan rim mai faɗin inci 11, ta kuma faɗaɗa na gaba zuwa 285, ta sauya shokozoba da sauran ƙafafun motar. Rim ɗinka na baya inci 9.5 ne. In ka matse 305 a kansa, gefunan tayar za su tsuke ciki, tsakiyarta ta yi tozo, kafaɗunta su ɗaga daga ƙasa. Ka biya kuɗin faɗi ke nan ba ka taka faɗin ba, ga sitiyari ya yi sanyin amsawa.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Yawan robar da ke taɓa ƙasa ya fi dogara ga nauyin da ke kan taya da iskar da ke cikinta. Taya mai ɗauke da kilo 400 da iska 35 tana taka wajen santimita murabba'i 160 ne, ko 275 ce ko 305. Abin da faɗi ke sauyawa shi ne siffar wurin: ya gajarce, ya yi faɗi. Wannan yana da amfani a kwana, yana kuma rage wa roba zafi, shi ya sa kamfanoni ke iya sa roba mai laushi a faffaɗar taya. Ribar tana nan, amma 'yar kaɗan ce in ka gwada ta da bambancin da ke tsakanin roba mai kyau da busasshiya. Sabuwar 275 ta ƙwarai za ta bar tsohuwar 305 a tsaye tana hayaƙi. A watan Agusta kuma, lokacin da ruwa ke kwanciya a titi, faffaɗar taya ce ke fara hawa kan ruwa ta daina taɓa kwalta.

In ka nace sai ka ƙara, 285/35 za ta zauna a rim ɗinka lafiya. Abin da za ka kiyaye shi ne tsayin tayar gaba ɗaya. Taka ta asali wajen milimita 700 ce, 285/35 kuma 707, bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma 305/35, wadda ita ce wasu ke kawowa don ta fi samuwa, ta kai 721, ƙarin kashi 3 cikin ɗari ke nan. Kwamfutar motar tana gwada gudun tayoyin gaba da na baya ne kafin ta san ana santsi, in ka ɓata mata lissafi sai ABS, wato na'urar da ke hana birki kulle taya, da na'urar hana zamewa su riƙa shiga inda ba a kira su ba, ko su makara inda ake bukatarsu.

Tayar tseren miƙe kuwa, irin su Nitto NT555R da Mickey Thompson, ka manta da ita. An yi ta ne don filin tsere da aka share aka fesa wa gam, a ɗumama ta, a rage mata iska, a yi gudun mita 400 a tsaya. Gefenta laushi gare shi, ba ta son kwana, zanenta kaɗan ne, ruwa kuma abokin gabarta ne. Haka su Toyo R888R da Pilot Sport Cup 2, na filin zagaye ne. Robarsu mai danƙo in ta yi zafi sai ta kwashi yashi da tsakuwa.

Yashin nan ma shi ne abin da masu ba da shawara daga ƙasashen waje ba su san da shi ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana kwanciya a kwalta, gefen titi da bakin shataletale kuma ba sa rabuwa da rairayi duk shekara, musamman inda hanyar unguwa marar kwalta ta haɗu da babban titi. Zuba gero a kan daɓen siminti ka taka da gudu, komai tsadar takalminka sai ka sha ƙasa. Taya ma haka. Inda ka fi samun watsawar, na tabbata, wajen fitowa daga kwana ne ko daga lungu zuwa Western Bypass, sitiyari a karkace ƙafa a totur. Bari motar ta miƙe tukuna, sannan ka ƙara wuta a hankali. Ruwan farko na damina ya fi kowanne haɗari, don yana kwaɓa ƙurar wata bakwai da man da manyan motoci suka ɗiga. A irin ranar, sa motar a tsarin Snow/Ice da ke cikin maɓallin zaɓin tuƙi. Ƙanƙara dai ba mu da ita, amma tsarin yana sassauta amsawar totur, abin da kake bukata ke nan. Fitilar da ke ƙyaftawa kuma aikinta take yi, kada wani ya zuga ka ka kashe ta. Masu kashe ta su ne masu wasan mota a wajen biki, kuma kowa ya san yadda wasu daga cikin bukukuwan suka ƙare.

Iska: masu faci da yawa in ba ka yi magana ba 45 ko 50 za su ɗura maka, wasu ma lambar da ke jikin tayar suke karantawa, alhali ita iyaka ce da ba a so a wuce. Adadin da ya dace yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Iska ta yi yawa, wurin da ke taka ƙasa ya ragu, baya ya yi ta tsalle. Auna da safe kafin ka fita, da gejinka na kanka, domin duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ɗaga awon da kusan 2. In ka dawo daga Tambuwal da tsakar rana ka ga ta hau, kada ka sace, haka ya kamata ta yi.

A kan sabuwar da za ka saya, tabbatar harafin gudu W ne ko Y, wato kilomita 270 ko 300 a awa. Ba don ka yi wannan gudun ba, doka 100 ta ba ƙaramar mota a babbar hanya mai tagwaye. Dalili shi ne tayar da aka gina don wannan gudu ta fi jure zafi. Inda aka rubuta Temperature a jikin tayar, wato awon jure zafi, a ga A. Lambar nauyi kuma kada ta gaza wadda ke kan takardar ƙofa. AA da ake rubutawa a gaban Traction gwajin birki ne a jiƙaƙƙen titi, yana da kyau a same shi, amma ba ya gaya maka yadda za ta tashi daga tsaye.

Ba ka faɗi abin da ke gaba ba, kuma yana da muhimmanci. In ka sa masu danƙo a baya ka bar busassu a gaba, motar za ta daina watsa baya ta koma ƙin shan kwana, birki kuma mafi yawansa a gaba yake. In aljihu zai ɗauka, sauya huɗun, 245/40ZR20 a gaba, iri ɗaya da na baya. In biyu kawai za ka iya yanzu, a baya za su zauna, kuma lallai su zama tagwaye: kamfani ɗaya, zane ɗaya, shekara ɗaya, don difarenshal ɗin motarka mai kulle ƙafafun biyu ne, ba ya son ɗaya ta fi ɗaya tsayi. Ka sani kuma Camaro SS ba ta zuwa da safaya. Tayoyinta na asali Goodyear ne masu iya tafiya ba iska, wajen kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba. In ka koma irin waɗanda na lissafa, sa ƙaramin famfo mai aiki da batir da kayan toshe huda a but, domin mai faci a Bodinga ko Illela ba zai samo maka inci 20 ba.

Bayan an ɗaura, a yi balansin, a yi alayimen na ƙafa huɗu a kan na'ura, ba na igiya ba. Motocin nan da yawa daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari ake sayo su a Amurka, a gyara jiki a bar ƙafar baya a karkace. Ka lallaɓa sababbin tayoyin kilomita 500 na farko, don suna da ɗan santsin masana'anta. In bayan haka motar tana watsawa gefe guda kullum, ko cikin tayar baya yana cinyewa kafin wajenta, a ɗaga ta a duba bushin da shokozoba da man difarenshal.