A jira PS6 ko a sayi PS5 yanzu? Amsa kan jita-jitar sabbin na'urorin gem

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka tara kuɗin sayen PS5, wato na'urar gem ta PlayStation 5 ta kamfanin Sony, sai kuma ka ji ana ta yaɗa cewa PS6 da sabon Xbox na kamfanin Microsoft suna nan tafe da fasahar da za ta mayar da na yanzu tsohon yayi, wato ƙirƙirarriyar basira, da hoton 8K mai tsananin kaifi, da wasa ta intanet ba tare da faifai ba, har da wata ƙaramar na'ura ta riƙewa a hannu, kuma kana son a bambance maka gaskiya da shaci-faɗi kafin ka fitar da kuɗinka. Na daɗe ina riƙe da shagon gem, ina kuma buɗe na'urorin ina gyarawa tun zamanin PS2, saboda haka irin wannan hayaniyar da ake yi gabanin fitowar kowace sabuwar na'ura ba baƙuwa ba ce a wurina.

Abin da ya fito daga bakin kamfanonin da kansu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da yawan surutun da ake yi. Har zuwa ƙarshen 2025 Sony bai sanar da rana ko farashin wata na'ura mai suna PS6 ba. Masu cewa 2027 ko 2028 lissafi suke yi da tazarar da ta gabata, domin PS2 ya fito a 2000, PS3 a 2006, PS4 a 2013, PS5 kuma a Nuwamban 2020, kuma lissafin yana da ma'ana, amma dai lissafi ne. A Oktoban 2025 Mark Cerny, wanda shi ya jagoranci tsara PS4 da PS5, ya fito a wani bidiyo tare da Jack Huynh na kamfanin AMD mai ƙera guntun lantarkin na'urorin, suka yi bayanin fasahohi uku da suke haɗa gwiwa a kai ƙarƙashin shirin Amethyst: ɗaya don hanzarta aikin ƙirƙirarriyar basira a cikin na'urar zana hoto, ɗaya don lissafin haske, ɗaya kuma don matse bayanai su rage yawan abin da ake aikawa zuwa ma'adana. Cerny da kansa ya ce a lokacin fasahohin suna matakin gwaji a kwamfuta ne kawai, kuma sai nan da wasu shekaru za a gan su a na'ura. Ta ɓangaren Microsoft, Sarah Bond, shugabar Xbox a lokacin, ta sanar a Yunin 2025 cewa sun ƙulla yarjejeniya ta shekaru da AMD don Xbox mai zuwa, kuma ba za a ɗaure mai na'urar da kantin sayen wasanni guda ɗaya ba. Duk wanda ya kawo maka adadin ƙarfin PS6 ko farashinsa da dala, ka tambaye shi daga ina ya samo.

Ko da takardar ta fito daga cikin kamfani, ba lallai ne abin ya tabbata ba. A Satumbar 2023, a sanadin shari'ar da hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta yi da Microsoft kan sayen kamfanin wasanni na Activision, wasu takardun cikin gida sun fallasa, aka ga zanen wani sabon Xbox mai siffar gwangwani marar wurin faifai da suka laƙaba wa Brooklin, tare da shirin wata na'ura ta 2028 da za ta raba aiki tsakaninta da manyan kwamfutocin kamfani ta intanet. Takardun na gaskiya ne, amma wannan mai siffar gwangwanin bai fito kasuwa yadda aka zana shi ba.

A cikin duk abin da ake hasashe, wanda na fi gaskatawa shi ne na ƙirƙirarriyar basira, kuma dalilina shi ne tuni ya fara aiki. Ma'anarsa a nan ba ta kai yadda ake kururutawa ba. Na'urar tana zana hoto a ƙaramin ma'auni, wanda bai cika wahalar da ita ba, sannan wani sashe da aka horar da shi da ɗimbin hotuna ya cike gurbin ya fitar da shi da kaifi kusan na 4K, wato babban ma'aunin hoto mai kaifi sosai. PS5 Pro da ya fito a Nuwamban 2024 yana yin haka da tsarin PSSR, Switch 2 na Nintendo da ya fito ranar 5 ga Yunin 2025 yana yi da DLSS na kamfanin Nvidia. Abin da ya tura kamfanonin wannan hanya shi ne ƙanƙanta guntun lantarkin da ke cikin na'ura ya daina arha kamar da, don haka ƙara ƙarfi zalla yana nufin ƙarin kuɗi da ƙarin zafi da ƙarin cin wuta. Na sa PS5 Pro da PS5 na farko gefe da gefe a talabijin iri ɗaya, kuma inda ake ganin bambancin shi ne a abubuwa sirara, kamar ragar gola, ko shingen waya, ko ciyawar da ke nesa, waɗanda a tsohon sukan yi ƙyalƙyali idan kyamara ta juya. Amma sai ka matso kusa, kuma sai talabijin ɗinka 4K ne na gaske. A kan allo mai inci 32 da yawancinmu muke da shi a shago, yaron da ke buga ƙwallo ba zai ce maka ga sabon ga tsohon ba.

Batun 8K kuwa kada ya ɗauke maka hankali. An buga tambarinsa a kwalin PS5 tun 2020, daga baya Sony ya cire shi daga kwalin.

Wasa ta intanet kai tsaye, inda na'urar gaske take can a cibiyar kamfani kai kuma hoto kawai ake turo maka, shi ma an daɗe ana cewa shi zai kashe na'urorin gida. Google ya gwada da Stadia a Nuwamban 2019, ya rufe shi a Janairun 2023, kuma har ya rufe bai buɗe shi a ko da ƙasa ɗaya ta Afirka ba. Matsalar ba ta saurin intanet kaɗai ba ce, ta nisa ce: kana danna maɓalli sai saƙon ya je cibiyar ya dawo, kuma a wasan ƙwallo ko na faɗa jinkirin ƙiftawar ido ya isa a ci ka. Ƙara da kuɗin data na awa ɗaya na hoto mai inganci, sai ka ga lissafin bai fita ba ga mai sayen data da gigabait.

Inda nake so ka fi zuba ido shi ne faifai, domin a nan ne canjin zai taɓa aljihunmu kai tsaye, kuma alamun ba ɓoyayyu ba ne. Xbox Series S ya zo babu wurin faifai tun 2020. PS5 siriri na ƙarshen 2023 an mayar da wurin faifansa abin cirewa da maƙalawa, kuma karon farko da za ka maƙala shi sai an haɗa na'urar da intanet ta yi masa rajista. PS5 Pro an sayar da shi dala 699 babu wurin faifai, sai ka saye shi daban a kan kusan dala 80. Nintendo kuma ya fito da wasu katunan Switch 2 waɗanda babu wasan a cikinsu, mabuɗi ne kawai, sai ka sauke wasan gaba ɗaya daga intanet. Duk harkar gem a wurinmu a kan faifai ta ginu: mutum ya gama wasa ya kawo shago ya ƙara ciko a musanya masa da wani, abokai su yi aro, mai shago ya sayi na hannu da rahusa. Idan faifai ya tafi, wannan kasuwar ta tafi, abin da ya rage shi ne sayen wasa da katin kuɗin waje, sannan ka sauke abin da a manyan wasanni yakan wuce gigabait 100. Na sha barin na'ura kunne dare guda a kan inbata tana sauke sabuntawa, wuta ta yanke da asuba, abokin ciniki ya zo da safe ya tarar ba a gama ba. Mun riga mun ɗanɗana wannan da wasan ƙwallon Konami, da aka sauya PES zuwa eFootball a 2021 aka daina buga shi a faifai. Ra'ayina shi ne Sony ba zai yanke faifai lokaci guda ba, domin kowa a masana'antar yana tune da abin da ya sami Microsoft a 2013, lokacin da ya ce Xbox One sai ya leƙa intanet kowace awa 24 kuma ya takaita sayar da wasannin hannu, jama'a suka yi ca, ya janye a watan Yuni tun kafin na'urar ta fito. Abin da na fi zato shi ne a bar wurin faifan a matsayin ƙari da ake saye daban, a bar shi ya mutu a hankali.

Na'urar hannu ma ba abin mamaki ba ce idan ta zo, tunda Switch na 2017 ya nuna akwai kasuwa, Microsoft kuma ya haɗa kai da Asus suka fitar da ROG Xbox Ally a Oktoban 2025. Ga mai fama da rashin wuta, abin da ke da batir a jikinsa ya fi kowace sabuwar fasahar haske amfani. PS5 yana jan wajen wat 200 idan ana wasa mai nauyi, ban da talabijin, kuma duk mai sola ya san abin da hakan ke yi wa batir bayan magariba. Akwai kuma zafi da ƙura, waɗanda masu hasashe a Turai da Amurka ba sa kawowa cikin lissafi. Idan ka zare murfin PS5 bayan hunturu, za ka tarar fankar ta yi kauri da jar ƙura kamar an shafa mata kunu, kuma ramuka biyun da Sony ya tanada don zuƙe ƙurar sun toshe. Na'urar da ta fi wannan ƙarfi sai an ga yadda za ta sha iska a ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya wuri a watan Afrilu.

Farashi kuma ya sauya hali. A da na'ura tana tsufa tana araha, amma PS5 an ƙara masa kuɗi a ƙasashe da dama a Agustan 2022, aka kuma ƙara dala 50 a Amurka a Agustan 2025, shekara kusan biyar bayan fitowarsa. Ba na ganin dalilin da zai sa wanda zai gaje shi ya zo da sauƙi, balle a watannin farko da 'yan kasuwa ke ninka kuɗin, kamar yadda aka yi a 2020 da 2021 lokacin ƙarancin guntun lantarki, sannan ga canjin dala a kai.

Shawarata ita ce ka sayi PS5 mai wurin faifai idan kuɗin yana hannunka. Ko da sabon ya fito a 2027, wasanni sukan ci gaba da fitowa a tsohuwar na'ura shekaru da yawa: God of War Ragnarök ya fito a PS4 a 2022, kuma wasan ƙwallo na EA Sports FC 26 na Satumbar 2025 ma an yi shi don PS4, na'urar da a lokacin ta kusa shekara 12 a kasuwa. Idan ƙwallo ce kaɗai kake bugawa, ko shago za ka buɗe, PS4 mai lafiya guda biyu sun fi maka PS5 ɗaya riba a yanzu. In kuma na hannu za ka saya, ka sa a kunna maka wasa mai nauyi na aƙalla rabin awa a gabanka, ka saurari ƙarar fankar, ka gwada faifai biyu daban-daban, ka kuma karkata sandunan fad ɗin, wato abin da ake riƙewa ana sarrafa wasan, ka sake su ka ga ko ɗan wasan yana tafiya shi kaɗai, sannan ka ware wani abu daga kuɗin don sitabilaiza mai kyau.