Tambayi Bakanike: Na sayi Boxer da ya shekara huɗu a jingine, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke wajen Bichi, amma a cikin gari nake zaune. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ke cinye mini albashi, sabon babur kuwa ya haura naira miliyan ɗaya, ba na ko mafarkinsa. Watan jiya na sayi wani Bajaj Boxer a hannun 'ya'yan wani maƙwabcinmu da ya rasu. Shekararsa huɗu a jingine a zaure. Na biya dubu 170, abin da ya rage a hannuna dubu 60 ne. Kik yana sauka amma babur ba ya tashi, tayoyi sun sace, tanki yana wani irin wari, sit ya yage. Bakaniken da na kai wa ya ce sai an sauke inji an sa sabon fistin da ringi. Wani abokina kuma ya ce in fara da fenti don kada ɗalibai su yi mini dariya. Ina neman shawararka. Daga wani malami, Bichi.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ji ƙan mamacin, kai kuma ya sa ka hau lafiya. Gobe da safe ka je ka karɓo babur ɗinka daga wajen wancan bakaniken, cikin mutunci, tun bai sa sifana a kan injin ba. Ban kira shi macuci ba, wataƙila haka ya iya. Amma injin da ba a ji kukansa ba, babu wanda ya isa ya ce fistin ɗinsa ya mutu. Da zarar an sauke shi, dubu 60 ɗinka ta tafi a gasket da ringi da kuɗin aiki, ka dawo gida da babur mai sabon fistin da ba shi da birki.

Na san irin waɗannan babura kamar yunwar cikina. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana acaɓa a Kano. Wasu sun sayar da nasu, wasu sun tafi da su garuruwan da ba a hana ba, da yawa kuma suka jingine su a zaure suna jiran a janye doka. Shekaru bayan nan aka riƙa turo mini su ɗaya bayan ɗaya, duk ƙura da kashin kaji. Mafi yawansu ban taɓa buɗe musu inji ba. Zama ba ya cinye fistin, Malam. Abin da zama yake lalatawa shi ne mai da roba da duk inda danshi ya samu ƙarfe tsirara.

Kafin mu kai ga ƙarfe, akwai maganar da ta fi damuna a wasiƙarka, wato babur na gado ne. Wanda ya karɓi kuɗinka ɗaya ne, magada kuwa wataƙila bakwai ne, kuma akwai wanda yake Legas bai san an sayar ba. Ka nemi rasit na asali, ka duba lambar da aka buga a wuyan babur da wadda ke jikin inji ka ga sun yi daidai da na takarda. Sannan a rubuta takardar ciniki, babban magaji ya sa hannu da shaidu biyu, in da hali a gaban mai unguwa. Ka kuma san halin da ake ciki a Arewa: saboda 'yan bindiga, jihohi da dama sun sha taƙaita zirga-zirgar babura, kuma Boxer shi aka fi sa wa ido a shingen jami'an tsaro. Malamin makaranta a kan hanyar ƙauye, a kan Boxer, babu takarda, wannan doguwar rana ce. Takardar ciniki ba ta cin komai sai biro da goron shaidu.

To, yanzu ka daina buga kik ɗin nan. Shekara huɗu duk man da ke jikin silinda ya tsiyaye ƙasa, kowane bugu ƙarfe ne yake gurzar ƙarfe a bushe. Kwance filogi, ka zuba baƙin mai kamar cokalin shayi ɗaya a ramin, ka bar shi ya kwana. Washegari ka danna kik a hankali da hannu, filogin yana waje. Sai ka toshe ramin da babban yatsanka a buga kik sosai. In iska ta ture yatsan da ƙarfi har ta yi "fuf", injinka yana da numfashi, maganar fistin ta mutu a nan. In ka ji iskar laƙwas, kada ka firgita tukuna, sau da yawa ringi ne ya manne ko bawul ya ɗan maƙale, kuma in inji ya yi zafi sau biyu sau uku sukan saki da kansu.

Ka juye tsohon baƙin mai a roba mai faɗi ka duba shi a rana. In baƙi ne kawai, babu komai. In ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. In kana ganin ƙyalƙyalin ɓarɓashin ƙarfe a ciki, wannan ne kaɗai labarin da ba na so in ji. Ka zuba sabo, mai lamba 20W50, wajen lita ɗaya yake ci, ka auna da sandar murfin. Ka sayi na cikin roba a rufe, ka bar na awo da ake ɗurawa a kwalbar lemo a bakin titi, don ba ka san tarihinsa ba.

Warin da ka ce tanki yana yi shi ne asalin ciwon. Fetur in ya daɗe, mai sauƙin cikinsa ya tashi ya bar wani abu kamar ƙaro, mai warin fenti, ga tsatsa daga raɓar da ke taruwa a cikin tankin da ba a cike ba. Cire tankin, noti ɗaya ko biyu ne a ƙarƙashin sit. Zubar da abin da ke ciki nesa da murhu, nesa da yara. Zuba tafin hannu biyu na ƙananan noti, ka ƙirga su, ka ƙara kananzir ko man gas, ka rufe ka yi ta girgizawa kamar mai kaɗa nono. Ka zubar, ka sake, har abin da ke fitowa ya daina yin ja. Sai ka ƙirga notin nan su cika, ka ɗauraye da fetur kaɗan. Tiyon mai kuwa kada ka yi jayayya da shi, ya bushe, canza shi, ka sa ƙaramar matatar mai ta roba a tsakiya. Ita ce abu mafi arha da za ka saya, ita ce kuma za ta hana ragowar tsatsa shiga kafireta, inda fetur ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji.

Kafireta nan ne zan daɗe, don nan ake cutar mutane. Za a ce maka ta mutu a sayi sabuwa. Wadda ta zo da babur daga kamfani, ko ta shekara goma, ta fi yawancin sababbin da ke rataye a shago. Wanki take so. A kwance kwanon ƙasa, a fito da jet guda biyu, wato 'yan ƙarafan nan masu rami da fetur ke bi, babba da ƙarami, a jiƙa su a fetur, a busa, a ɗaga su sama a ga haske ta ramin. Ƙaramin shi ne na silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a murɗa totur ba, raminsa kamar gashi, shi ne yake fara toshewa. Alamarsa babur ya tashi da cok, abin nan da ake ja don inji mai sanyi ya tashi, da ka mayar da cok ya mutu. Kada ka bari a soka masa allura. Ina yaro a wajen maigidana na taɓa yin haka don in nuna ƙwazo, ramin ya buɗe, babur ya riƙa shan mai kamar raƙumi yana baƙin hayaƙi, mai shi ya dawo yana faɗa. Maigida bai ce mini komai ba a gabansa, sai da ya tafi na ji sukudireba a ƙeya. Silin wayar tagulla guda ɗaya daga tsohuwar wayar wuta ya isa, don ta fi jet ɗin laushi.

Buɗe akwatin iska. In soson da ke tace iska ya zama gari, a sa sabo, in da sauransa a wanke da kananzir a matse, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan. A ƙurar hunturun nan tamu, babur da ba shi da soso yashi yake sha, kuma wannan shi ne abin da yake cinye ringi da gaske. Ka leƙa bakin salansa ma. Zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a ciki, na sha ganin an kwana biyu ana neman wuta da mai alhali laka ce ta toshe numfashi. Ɓeraye kuma sukan ci wayoyin da ke ƙarƙashin tanki, ka bi su da ido tun tankin yana ƙasa.

Sayi filogi sabo, tazarar bakinsa wajen milimita 0.7. Sa shi a hularsa, ka jingina jikinsa da ƙarfen inji, a buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙara muke so. Batir ya mutu tabbas, amma irin waɗannan babura masu kik yawanci suna tashi ba shi, saboda haka ya jira albashi na gaba.

Ranar da ya tashi kada ka murɗa totur kana murna. Bar shi a silo minti goma ka saurara. Hayaƙi a farko dole ne, man da ka zuba ne yake ƙonewa. In bayan kwana uku kana hawa har yanzu yana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuma baƙin mai yana raguwa, sai a yi maganar ringi. Baƙin hayaƙi na kafireta ne ko soso. Ƙarar "cak-cak-cak" daga saman inji saitin bawul ne, aikin rabin awa. Bugu mai nauyi daga ƙasa, kamar ana buga guduma a cikin tukunya, shi ne mugun labari, kuma in shi ne, gara ka sani yanzu da kuɗinka a aljihu.

Duk abin da na lissafa bai kamata ya ci rabin kuɗinka ba, har da na bakaniken da zai wanke kafireta in hannunka ba ya so. Ragowar na birki ne da taya, kuma a nan ba na sassauci. Shu ɗin birki fata ce aka manne a kan ƙarfe, in ta daɗe a danshi sai mannin ya saki. Akwai wani yaro da na gyara wa babur irin naka, na ce a canza shu ya ce sai wani mako. A makon nan fatar ta ɓalle ta cije ƙafar baya yana cikin gudu. Allah ya tsare ransa, amma har yau in ya zo gaishe ni ina ganin tabon a gwiwar hannunsa. A buɗe ƙafa biyun, a sa sabon shu, a duba boris a sa giris, kebul ɗin birki da na kuloci in sili ɗaya ya tsinke a canza.

Taya tana da ranar haihuwa a jikinta. Nemi lambobi huɗu a gefe: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Wadda ta shekara huɗu a sace ƙarƙashin nauyin babur, gefenta ya tsattsage ko da zanenta bai cinye ba. In kuɗi ba su kai biyu ba, sabuwa ta tafi gaba, don in ta baya ta fashe kana iya riƙe babur, in ta gaba ce sai yadda Allah ya yi. Tiyub biyu sababbi. Sarƙa ka cire ta ka jiƙa a man gas ta kwana, ka goge, ka shafe ta da mai, ka bar mata sassauci kamar faɗin yatsu biyu a tsakiya. In haƙoran sifiroket sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙaya, sai a canza su tare da sarƙar gaba ɗaya, amma wannan zai iya jiran wata biyu in kana tafiya a hankali.

Sit kuwa, mai ɗinkin kujeru zai rufe maka shi da leda a kuɗin kwanon shinkafa. Abokinka mai maganar fenti ka gaishe shi, ka ce na ce 'yan aji huɗu za su yi dariyar mako ɗaya su gaji. Kuɗin fentin ka sayi hular kwano da kwan fitila mai kyau, tunda na san malaman ƙauye duhun asuba suke fita. Bayan kilomita 500 ka sake juye baƙin mai, sannan ka rubuto mini irin kalar da ya fito da ita.

TAMBAYA: Baba, Jincheng nake hawa, tsohon yayi mai hayaƙi. Man 2T ya yi tsada. Zan iya zuba masa baƙin man mota a ƙaramin tankin da ake zuba 2T? Daga wani ɗan kasuwa, Funtuwa.

AMSA: A'a, ɗana. Injin naka tare da fetur yake ƙona mansa, shi ya sa aka yi 2T don ya ƙone bai bar toka da yawa ba. Baƙin man mota zai bar maka gawayi a filogi da kan fistin da cikin salansa, ƙarfin babur ya ragu, abin da ka tara ya tafi a sayen filogi. In famfon da ke tura man ne ya lalace, ka riƙa haɗawa a babban tanki kafin a gyara: mililita 25 na 2T a kowace litar fetur. Sirinji babba daga kemis ta isa awo. Ka fara zuba 2T ɗin, fetur ya biyo baya, ka girgiza babur kafin ka buga kik.