Ajiyar wake daga kaka zuwa damina

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki ajiye wake har damina ƙwari ba su huda shi ba. Don Allah kada ki zuba masa fiya-fiya, guba ce, kuma yaranki za su ci.

Ki shanya shi sosai, sai kin ciji ƙwaya kin ji ƙas, sannan ya huce a inuwa. Ki nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki, ki matse iskar, ki ɗaure kowace leda daban. Rashin iska ke kashe ƙwarin. In babu buhun, busasshiyar jarka ma ta isa: ki cika ta maƙil, ki sa leda ki rufe gam. Buhun kuwa a ɗora shi kan katako nesa da ɓera, don huji ɗaya na iya ɓata komai.