Na yi ritaya daga soja, mutanen unguwa sun ƙi bin odata

Tambaya: Salamu alaikum yallaɓai. Na yi shekara 35 a soja, a barikin Rukuba na ajiye kaki. Yanzu an ɗora min ciyaman na kwamitin unguwarmu nan Jos, amma in na sa mitin ƙarfe huɗu sai biyar da rabi ake zuwa, in na ba mutum aiki sai ya ce min "za a duba". Farar hula ne ba su da tarbiyya ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam oga. Wallahi abin nan ya same ni nima shekarar da na fita, har ciwon kai ya rinƙa sa ni, don haka na san zafin da kake ji. Amma ba rashin tarbiyya ba ne.

A bariki in ka ba da oda ba kai kaɗai ke magana ba, doka na tsaye a bayanka. Yaron da ke ƙarƙashinka tun daga Depot, wurin horar da kuratan soja a Zariya, aka sa mishi a kai cewa na sama in ya faɗa an gama, hafsa ma haka aka gasa shi a NDA, makarantar horar da hafsoshi da ke Kaduna, wanda ya ƙi kuma ga gadurum ga kotun soja, kuma dole ne ya zama haka domin a bakin daga in kowa ya tsaya tambayar dalili gawa za a kwasa. To mai shagon da ke kwamitinka fa? Ba ka biyan shi albashi, ba ka da ikon tsare shi ko na minti ɗaya, don Allah kawai ya rufe shago ya zo. In ka daka mishi tsawa gobe ba za ka gan shi ba, shikenan.

Kuma ba kai kaɗai ba, manya ma sun sha. Obasanjo daga 1976 zuwa 1979 da dokar soja ya yi mulki, da ya dawo a 1999 sai da majalisa, a 2006 majalisar dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba da damar tazarce karo na uku. Nan kusa da kai a cibiyar nazarin manufofi da dabarun ƙasa da ke Kuru, tun 1979 ake haɗa manyan hafsoshi da manyan ma'aikatan gwamnati aji ɗaya wata da watanni, kowa ya koyi yaren ɗan'uwansa.

Abin da nake so ka tuna shi ne, yaranka na da ba don igiyar da ke hannunka kaɗai suka bi ka ba. Kai ka san wanda matarsa ta haihu, wanda albashinsa ya maƙale, ba ka cin abinci sai sun ci. Wannan ɗin ne farar hula suke gani su bi, kuma kana da shi fiye da yawancinsu. Ka riga kowa zuwa yasar kwata da shebur ɗinka, ka je gaisuwar rasuwa ko ta Musulmi ko ta Kirista, kuɗin kwamiti ka karanto shi a gaban kowa har kwabo. Aiki kuma kar ka raba shi kamar a fareti, tambaya za ka yi wa zai ɗauka, in mutum ya ɗauka da bakinsa a gaban jama'a sakatare ya rubuta suna da rana, kunya ce za ta yi maka aikin gadurum.

Batun lokaci kuwa oga, ƙarfe huɗu ai ya ci karo da La'asar. Ka mai da shi biyar saura kwata, Asabar ba Lahadi ba saboda masu coci, ka fara da duk wanda ya zo ko mutum uku ne, ka tashi kafin Magariba.