Ga ɗan'uwan da fom ɗinsa na PDF ke lalacewa bayan flatten

Salamu alaikum ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, abin da ka ce kana cika fom daga PHP (yaren rubuta manhaja) da pdftk (manhajar sarrafa PDF), kana sa flatten, wato umarnin da ke manna rubutun a shafi ya kulle gurabun, sai é ɗin Ngaoundéré ya lalace wasu gurabun kuma su fito fanko, shi ne dai abin da ya zubar mini da mutunci a nan Garwa.

Wata ƙungiya ce ta ba ni aikin takardun shaida na matan da suka gama koyon ɗinki. Sati biyu ina roƙon shugaban aikin ya turo mini sunayen gaskiya in gwada, kullum sai gobe, ni kuma ina ta gwaji da Musa da Amina komai na fita tsaf. Sai daren jajibiri ya turo. Washegari cikin zafin Afrilu mata sun cika tabarmi tun safe, aka fara rabo, wata dattijuwa ta miƙo mini tata hannunta na rawa ta ce yaro jikata ta ce sunan garinmu ba haka yake ba. Na duba, duk inda ɗ ko ɓ suke na Fulatanci da Hausa babu su, rami kawai. Mutumin nan ya ɗaga takardar sama a gaban baƙi ya ce ga abin da ake samu in an ba yara aiki. Shi da ya riƙe sunayen! Ban iya cewa komai ba, fita na yi bayan ɗakin na tsaya. Ragowar kuɗina har yau bai biya ba, na bar shi da Allah.

To ga abin da na gano daga baya. Flatten zana rubutun yake yi a kan shafin a can cikin sabar, da salon haruffan (font) da ke cikin fom ɗin, in Helvetica ce tana da é amma ba ta da ƙ ɗ ɓ. Kada ka ɓata lokaci kan zaɓin need_appearances na pdftk, ba ya aiki tare da flatten, shi yana barin manhajar mai buɗewa ne ta zana. Matsalar é ɗinka kuwa ina zargin FDF ne, wato fayil ɗin da ke kai wa pdftk bayanan cika fom, shi sai ka mai da rubutun tsarin adana haruffa na UTF-16BE, gara ka koma XFDF, ɗan'uwansa, ka huta tunda UTF-8 yake karɓa.

Amma kafin komai ka buga umarnin dump_data_fields_utf8 na pdftk ka ga ainihin sunayen gurabun, harafi ɗaya ya bambanta gurbin zai fito fanko kuma pdftk ba zai ce maka uffan ba. Akwatunan tik ma haka, abin da dump ɗin ya nuna a layin FieldStateOption shi za ka tura, wani fom Yes ne wani Oui. In dump ɗin bai nuna gurbi ko ɗaya ba to wataƙila XFA, wani tsarin fom na daban, aka ba ka, wanda tun 2017 tsarin PDF 2.0 ya daina goyon bayansa, ka ce su kawo wani fom. In gauraye ne, wato akwai XFA da gurabun da aka saba tare, ka ƙara zaɓin drop_xfa ya cire XFA ɗin.

Ni dai ƙarshe pdf-lib na koma, wani kayan aikin PDF a Node (mai gudanar da JavaScript), na cusa salon haruffan DejaVu Sans da taimakon fontkit mai loda haruffa, na kira updateFieldAppearances da shi sannan flatten, tun ranar ƙugiya ba ta sake ɓace mini ba. Ka riƙa ajiye wanda ba a yi wa flatten ba, don in an yi babu komawa baya. Kuma don Allah ka karɓi rabin kuɗinka kafin ka taɓa aiki, a rubuce, ko da mutumin abokin babanka ne.

Ka liƙo mana abin da dump ɗin ya fitar a nan, in an dawo da wuta yau da dare zan duba maka in sha Allah.