Muryar wa muke ji a waƙoƙin fina-finan Tamil?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'abociyar kallon fina-finan Indiya ce da ake fassarawa da Hausa, musamman na kudancin ƙasar. Ƙanena, wanda yake rera waƙa a wani ɗan ƙaramin situdiyo a unguwarmu, ya ce mini ba jaruman ne suke rera waƙoƙin ba, wasu mutane ne daban, kuma da yawansu matasa ne. Shin haka ne? In haka ne, ta wace hanya matashi yake shiga wannan sana'a har ya yi suna?
Daga wata mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙanenki ya faɗi gaskiya, kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu, domin haka ake yi a fina-finan Hausa: mawaƙi ya shiga situdiyo ya rera, jarumi kuma ya hau kan waƙar yana motsa baki a gaban kyamara. Masana'antar fina-finan harshen Tamil tana birnin Chennai ne, wanda a da ake kira Madras, kuma daga sunan unguwar Kodambakkam ta birnin aka samo laƙabin Kollywood. Lokacin da suka fara fim mai magana a 1931, jarumin da kansa yake rera waƙarsa, saboda haka wanda ba shi da murya da wuya ya samu gurbi. Daga baya ne aka raba aikin gida biyu, har aka samu irin su S. P. Balasubrahmanyam, wanda ya rasu a 2020 bayan ya rera waƙoƙi fiye da 40,000 cikin harsunan Indiya daban-daban.

Abin da ya kamata ƙanenki ya gane shi ne, a can ba jarumi ne yake ɗaga mawaƙi ba, mai tsara kiɗa ne. Shi yake ƙirƙiro karin waƙar, marubuci ya ɗora mata baitoci, sannan shi ne dai yake zaɓar muryar da ta dace da ita. Matashi yakan fara ne a sahun 'yan amshi, ko kuma a ba shi ya rera waƙar gwaji, wato ya zuba muryarsa a kan kiɗan na wucin gadi domin darakta ya ji yadda za ta kasance, daga baya a kira fitaccen mawaƙi ya maye gurbinsa. Wani yakan shafe shekaru a wannan mataki, yana tsaye shi kaɗai a ɗakin ɗaukar murya da abin saurare a kunne, yana maimaita baiti guda sau goma saboda harafi ɗaya da bai fita daidai ba, alhali ya san ba lallai ne a ji muryarsa a fim ɗin ba. Sa'arsa ita ce ranar da mai kiɗan zai saurari gwajin ya ce a bar shi haka.

Misalin Sid Sriram zai ƙara fito da abin fili. An haife shi a Chennai a 1990, ya tashi a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma tun yana ƙarami mahaifiyarsa take koya masa waƙar gargajiya ta kudancin Indiya da ake kira Karnatik, wadda ake ɗaukar shekaru ana horar da murya a kanta. Ya yi karatun kiɗa a kwalejin Berklee da ke Boston. Da duk wannan shiri, bai shiga fim ba sai da mai tsara kiɗa A. R. Rahman, wanda ya ci kyautar Oscar biyu a 2009, ya ba shi waƙa a fim ɗin Kadal na 2013. Daga nan sauran masu kiɗa suka fara nemansa, ya tsallaka zuwa harshen Telugu, kuma muryarsa ce a waƙar Srivalli ta fim ɗin Pushpa da aka yi yayi a nan Kaduna, ko da yake shi wannan fim na Telugu ne, ba na Tamil ba, kuma wani mawaƙin ne ya rera ta Hindi. Sriram bai yi watsi da waƙar Karnatik ba, yakan rera ta a bikin kiɗan da ake yi a Chennai duk watan Disamba.

Akwai kuma ƙofar gasar talabijin, kamar shirin Super Singer da tashar Vijay ta fara a 2006. A ganina gasar tana sa a san fuskar yaro ne kawai. Wanda bai da horo tun daga tushe, da an gama tafi sai a daina jin ɗuriyarsa. Mawaƙiya Uthara Unnikrishnan ta samu lambar yabo ta ƙasar Indiya kan waƙar fim tana da shekara goma, amma ai a gidan waƙa ta tashi, mahaifinta ma ya taɓa cin irin wannan lamba.

Batun kuɗi kuwa, yawanci a kan kowace waƙa ake biyan mawaƙi ladansa, ba shi ne mai ita ba. Sai a 2012 aka gyara dokar haƙƙin mallaka ta Indiya ta yadda masu rerawa za su iya neman kasonsu, kuma duk da haka a 2017 mai kiɗa Ilaiyaraaja ya aika wa Balasubrahmanyam takardar lauya kan rera waƙoƙin da shi Ilaiyaraaja ya tsara a wasannin dandali ba da izini ba. Shi ya sa yawancin abin da mawaƙi yake samu daga irin waɗannan wasanni yake fitowa, a Indiya da ƙasashen da Tamilawa suke da yawa kamar Malesiya da Singafo da Sri Lanka.

In kika sake zama kallo, ki duba rubutun farkon fim ɗin, in masu fassara ba su yanke wurin ba. Kusa da sunan mai tsara kiɗa da na marubucin baitoci za ki ga jerin sunayen mawaƙan.